Zanen bangon tsofaffin mujallu da littattafan ƙagaggun labaran kimiyya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi yawan fitowa daga bakin sababbin masu sha'awar wannan zane, ko waɗanda suka ci karo da hotunansa a intanet, ko waɗanda suka tsinci tsohon littafi a tarin masu sayar da littattafan gwanjo. An fara da na share fage, sannan aka gangaro zuwa na masu tarawa da adanawa.

Wane irin zane ake nufi, kuma na wane zamani ne?

Ana nufin hotunan da aka zana da hannu, da fenti da buroshi, don bangon mujallu da ƙananan littattafai masu ɗauke da ƙagaggun labaran kimiyya: kumbo, duniyoyi masu nisa, mutum-mutumin ƙarfe, halittun da ba na duniyarmu ba, biranen gobe. Zamaninsa ya kama daga 1926 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1980, kafin kwamfuta ta karɓe yawancin aikin. Cibiyarsa Amurka ce, musamman birnin Niyok inda kamfanonin ɗab'i suka taru, sai Ingila ta biyo baya.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne mabuɗin kusan duk amsoshin da ke tafe: bangon talla ne. Ba don a rataye shi a gidan tarihi aka zana shi ba. An zana shi ne don ya tsayar da mai wucewa a gaban rumfar mai jarida, ya sa shi ya laluba aljihu.

Wa ya fara shi?

A watan Afrilu na 1926 Hugo Gernsback ya fitar da Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga irin waɗannan labarai, ana sayar da ita santi 25. Wanda ya zana bangonta shi ne Frank R. Paul, haifaffen Ostiriya da ya koyi zanen gine-gine kafin ya yi ƙaura zuwa Amurka. A bangon farko ya zana duniyar Saturn da zobenta ta cika sama, mutane a ƙasa suna zamiya a kan ƙanƙara, domin wani labari na Jules Verne da ke ciki. Shi ya ci gaba da zana bangon har Gernsback ya rasa mujallar a 1929, ya kuma bi shi zuwa sababbin mujallun da ya kafa bayan haka.

Karatun gini ya nuna a hannunsa. Injuna da hasumiyoyi da birane suna fitowa daram, kowace ƙusa a wurinta, amma mutanensa a sandare suke, fuskokinsu kusan iri ɗaya. Masoyansa ba su damu ba. Yaran da suka tashi a wancan lokaci a bangon Paul suka fara ganin siffar kumbo, tun kafin a harba ko da roka ɗaya zuwa sararin samaniya, shi ya sa da aka yi babban taron masu sha'awar fannin na duniya karo na farko a Niyok a 1939, shi aka gayyata babban baƙo. Ba marubuci ba, mai zane.

Me ya sa launukan suke kashe ido haka? Sama ja, ko rawaya?

Dalili biyu. Na farko gasa: mujallu barkatai ne jere a rumfa ɗaya, na 'yan sanda da ɓarayi, na soyayya, na makiyayan dawaki, kowacce tana neman idon mai saye. Ja da rawaya da shuɗi mai ƙarfi su ake hangowa daga nesa. Lissafin ɗaya ne da na mai zanen bayan gingimari, wanda ya san motar ba za ta tsaya a ƙare mata kallo ba. Na biyu kuɗi: bugun launi na da tsada, kuma shimfiɗaɗɗen launi guda a bayan hoto ya fi fitowa tsaf a injin da ke buga dubbai cikin gaggawa.

Bangon kaɗai ake yi wa takarda mai santsi. Cikin mujallar takarda ce mafi araha, ta niƙaƙƙen itace, mai kaushi, wadda ba ta ɗaukar komai sai baƙin tawada. Wannan takarda ce sanadin matsalar da aka yi bayani a amsar ƙarshe kan adanawa.

Me ya sa ake yawan ganin mace cikin firgici da dodo mai ƙwala-ƙwalan idanu yana riƙe da ita?

Saboda kamfanoni sun lura yana sayarwa, kuma yawancin masu sayen samari ne. Earle K. Bergey, wanda ya yi wa Startling Stories da Thrilling Wonder Stories aiki a shekarun 1940, shi ya fi shahara da wannan salo: jarumi sanye da cikakkun kayan 'yan sama jannati, mace a gefensa da ɗan abin ƙarfe a ƙirji, kai ka ce ita sanyin sararin samaniya ba ya kama ta. Planet Stories, wadda ta rayu daga 1939 zuwa 1955, ita ma haka ta bi. Masu karatu da yawa ba su so hakan ba. Shafukan wasiƙu cike suke da ƙorafi, wasu ma sukan ce sai sun yage bangon kafin su shiga gida da mujallar.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne ɗaya daga cikin fitattun masu wannan zane mace ce. Margaret Brundage, mazauniyar Shikago, ta zana wa Weird Tales bango 66 tsakanin 1932 da 1945, ana biyanta dala 90 kowanne. Weird Tales ta fi karkata ga labaran tsafi da ban tsoro, amma rumfa ɗaya suke da masu saye ɗaya. Da allin launi take zane, wanda ke gogewa da an jijjiga shi, don haka da mujallar ta koma Niyok a 1938 aika aikinta ya zama wahala, aikin ya ragu, ta ƙare rayuwarta cikin talauci a 1976.

To babu wanda ya yi ƙoƙarin zana abin da kimiyya ta yarda da shi?

Akwai. John W. Campbell ya karɓi ragamar mujallar Astounding a ƙarshen 1937, yana son a ɗauki mujallarsa da muhimmanci, sai ya jawo masu zane irin su Hubert Rogers ɗan Kanada, masu launi a natse da injuna masu kama da waɗanda za su yi aiki. Amma gwanin gwanaye a nan Chesley Bonestell ne, wanda shi ma daga zanen gine-gine ya fito. A 1944 mujallar Life ta buga zanensa na Saturn kamar yadda za a hango ta daga Titan, babban watanta, mutane suka riƙa kallonsa kamar hoton kyamara. Daga 1952 ya yi aiki tare da injiniyan roka Wernher von Braun a jerin maƙalun mujallar Collier's da suka nuna wa Amurkawa cewa tafiya wata ba tatsuniya ba ce.

Duk da lissafinsa, gaskiya ta zo ta saɓa masa. Ya ba Titan shuɗin sama garau, amma da kumbon Voyager 1 ya wuce ta wurin a 1980 sai aka ga hazo ne mai kauri, launin ruwan goro, ya lulluɓe ta. Duwatsun wata ya zana su da tsini, 'yan sama jannatin Apollo suka tarar da su a dasashe. A ganina wannan bai rage masa komai ba, domin da ilimin zamaninsa ya yi aiki, kuma har yau kyautar da ƙungiyar masu zanen fannin ke bayarwa sunansa take ɗauke da shi.

Me ya sa sau da yawa zanen bango ba ya dacewa da labarin da ke ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce dawowa, kuma amsarta tana da rassa. Wani lokaci mai zane bai ga labarin ba sam, layi biyu kawai edita ya faɗa masa, ga wa'adi ya matso. Wani lokaci kuma zanen ne ya riga labarin: edita ya sayi hoton da ya burge shi, ya miƙa wa marubuci ya ce ya rubuta labari a kansa. Gernsback ya taɓa mayar da wannan gasa, a bugun Disamba na 1926, inda ya sa wani zanen Paul a bango ya ce masu karatu su ƙago masa labari, da kyautar dala 500.

Reshe na uku ya fi yawa a littattafai: zane ɗaya ana sake sayar da shi. Hoton da aka yi wa wani littafi a Landan sai ya bayyana a kan wani littafi daban a Jamus ko Italiya, babu abin da ya haɗa su illa duka akwai kumbo. Kamfani ba ya ganin laifin haka, tunda aikin bango shi ne ya gaya wa mai saye irin littafin, ba abin da ke shafi na arba'in ba. Duba amsar da ke kan Chris Foss, wanda bai ɓoye matsayinsa a wannan batu ba.

Me ya kashe manyan mujallun, kuma yaya ƙananan littattafai suka gaje su?

Ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu ya fara matsa su, har Astounding ta rage girmanta a Nuwamba 1943 zuwa ɗan ƙaramin da ke shiga aljihun kwat. Mujallun da suka zo daga baya, irin su Galaxy a 1950, da wannan girma suka fara. Sai talabijin da littattafan barkwanci suka janye matasa, sannan a 1957 babban kamfanin da ke rarraba mujallu a faɗin Amurka, American News Company, ya rufe harkar, ƙananan mujallu da yawa suka bi shi.

A gefe guda littafi mai bango mai laushi yana ta hauhawa. Penguin ta fara a Ingila a 1935, Pocket Books a Amurka a 1939 kan santi 25. A 1952 aka kafa Ace da Ballantine, kuma su biyun hanya daban suka bi. Ace ta ɗauko salon mujallu gaba ɗaya, da bindigogin haske da dodanni, ta hannun irin su Ed Valigursky da Ed Emshwiller. Ballantine kuwa ta ba Richard Powers dama, shi kuma ya zo da abin da ba a taɓa gani a rumfa ba: siffofi masu narkewa, ba mutum ba ba inji ba, tsaye a fili marar iyaka, salon da ya ɗauko daga masu zanen mafarki na Turai irin su Yves Tanguy. Manya da ke kunyar riƙe mujalla mai dodo a cikin jirgin ƙasa sun iya riƙe littafin Powers. Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya da ya sauya fuskar fannin bayan Paul, shi zan zaɓa.

Na sami littafi mai bango biyu, ɗaya a kife. Kuskuren maɗaba'a ne?

A'a, da gangan ne. Dabarar Ace ce, wadda edita Donald Wollheim ya kula da ita: littattafai biyu a ɗaure baya da baya, ka gama ɗaya ka juya ka kifa ka fara ɗayan, duka kan santi 35 a farkon lamarin. Na labaran kimiyya sun fara fitowa a 1953, aka ci gaba da wannan ɗauri har 1973. Littattafan farko na Philip K. Dick da Samuel Delany da Ursula Le Guin duk a haka suka fito, galibi an jingina sabon marubuci da wanda aka sani. Illarsa ita ce ana datse labari don ya shiga adadin shafuka, don haka mai son cikakken rubutu ya nemi wani bugun.

Su wa ke zana manya-manyan jiragen nan masu ratsin rawaya da baƙi?

Wannan salon Ingila ne na shekarun 1970, kuma Chris Foss ne ya buɗe shi. Kafin shi kumbo siriri ne, fari ko ruwan azurfa, mai tsini kamar harsashi. Foss ya zo da jirage ƙatti, masu kusurwoyi, da ratsi-ratsin launi irin na manyan injunan haƙa, da tabon tsatsa da hayaƙi, ya fesa su da ƙaramar na'urar feshin fenti har ba a ganin sawun buroshi. Bangayen da ya yi wa kamfanin Panther don littattafan Foundation na Isaac Asimov, idan aka jera ukun sai su haɗu su zama hoto ɗaya mai faɗi. An san shi da cewa ba ya karanta littattafan da yake yi wa bango, kuma kasuwa ba ta hukunta shi ba, sai ma kamfanoni suka shiga neman masu kwaikwayonsa.

Daga bango ya shiga fim. Alejandro Jodorowsky ya ɗauke shi a 1975 don fim ɗin Dune da ba a taɓa kammalawa ba, Foss ya kuma yi zanen share fage na fim ɗin Alien. A daidai wannan zamani David Pelham na Penguin ya bi wata hanyar, ta hoto guda mai sauƙi mai ɗaukar ido, Bruce Pennington kuma ya riƙe launuka masu zafi da hamada.

Amurka da Ingila ne kaɗai? Mu fa?

Ba su kaɗai ba. A Italiya jerin Urania ya fara a 1952, kuma Karel Thole ya shafe shekaru yana zana hotunansa masu rikita tunani a cikin da'ira. A Faransa René Brantonne ya yi wa jerin Anticipation na kamfanin Fleuve Noir, a Jamus Johnny Bruck ya zana bangon Perry Rhodan mako-mako tun daga 1961 har rasuwarsa a 1995. A Tarayyar Sobiyat ɗan sama jannati Alexei Leonov, mutum na farko da ya fita daga kumbo ya yi shawagi a sarari a 1965, shi kansa mai zane ne, yana aiki tare da Andrei Sokolov.

A Hausa akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya. Amma littafi ɗaya ba ya gina sana'ar zanen bango. Abin da ya gina ta a can shi ne mujallu masu fitowa duk wata, kowacce tana buƙatar sabon hoto.

Me ya sa da wuya a ga baƙar fata a waɗannan bangaye?

Saboda kamfanoni sun yanke wa kansu cewa ba zai sayu ba, kuma sun yi aiki da wannan zato shekara da shekaru. Samuel Delany ya ba da labarin yadda Campbell ya ƙi buga littafinsa Nova a mujalla a 1967, yana cewa masu karatunsa ba su shirya wa jarumi baƙi ba. Ko da marubuci ya rubuta baƙar fata ƙarara, bango yakan sauya ta: bugun farko na Dawn na Octavia Butler a 1987 ya fito da farar mace, alhali jarumar labarin baƙa ce. Le Guin ma ta daɗe tana kuka da yadda ake mayar da jarumin littattafanta na Earthsea farar fata.

A cikin masu zanen kansu akwai Leo Dillon, baƙar fata ɗan Niyok, wanda shi da matarsa Diane suke zane tare kamar hannu ɗaya. Sun yi wa Ace jerin bangaye a ƙarshen shekarun 1960, suka ci kyautar Hugo, babbar kyautar fannin ƙagaggun labaran kimiyya, a 1971.

Ina ainihin zanen yake, kuma yana da kuɗi?

Ana yin zanen ya fi bangon girma sosai, da fentin mai a kan zane ko fentin ruwa a kan kwali, a bar sarari a sama don sunan mujalla, sannan a ɗauki hotonsa a rage. A zamanin mujallu da zarar an biya mai zane, hoton ya zama na kamfani. Wasu an ba da su kyauta ga masu shirya taro su yi gwanjonsu, wasu sun ruɓe a sito, da yawa an zubar lokacin tashi daga ofis. Sai daga baya ya zama al'ada a mayar wa mai zane kayansa, ya sayar da izinin bugawa kawai.

Ƙarancin waɗanda suka tsira shi ya ɗaga farashinsu. Frank Frazetta, wanda bangayensa na littattafan Conan suka fara fitowa a 1966, yana cikin masu wayon riƙe nasu, kuma a 2019 an sayar da zanensa Egyptian Queen kan dala miliyan 5.4 a gwanjo. Wannan farashin ainihin fenti ne. Littafin da aka buga dubbai ba ya kusantar haka, yawancinsu kuɗin abinci ne, sai fa bugun farko na sanannen marubuci da ke nan garau.

Yaya zan gane wanda ya zana bangon littafina?

Fara duba kusurwoyin hoton da kyau. Emshwiller yakan sa Emsh, wani lokaci a ɓoye a jikin inji. Frank Kelly Freas, mai kyautar Hugo goma, yana sa hannu a fili. Shi ne mai hoton ƙaton mutum-mutumin ƙarfe riƙe da gawar mutum a bangon Astounding na Oktoba 1953, wanda ya sake zanawa don faifan mawaƙan Queen a 1977. A mujalla duba shafin jerin abubuwan ciki, a littafi duba bangon baya ko shafin haƙƙin mallaka. Matsalar ita ce kamfanoni da yawa ba sa rubuta suna, kuma yankan takarda yakan tafi da sa hannun.

Idan haka ta faru, akwai rumbun bayanai na ISFDB a intanet, inda masu sa kai suka jera bugu-bugu tare da sunan mai zane. Nemi littafin da sunan kamfani da lambar da ke jikin bango da farashin da aka buga, domin littafi ɗaya kan fito da bango biyar ko fiye.

Zan iya buga waɗannan hotuna a riga ko a bangon littafina?

Tsufa kaɗai ba ya cire haƙƙin mallaka. A dokar Amurka abin da aka buga a wancan zamani yana fita daga kariya bayan shekara 95, don haka bugun farko-farko na Amazing Stories sun zama na kowa a can. Wanda aka buga kafin 1964 kuma sai an sabunta rajistarsa bayan shekara 28, waɗanda ba a sabunta ba sun kuɓuce, shi ya sa ake samun tsofaffin mujallu da yawa a rumbun adana na intanet mai suna Internet Archive. Wasu ƙasashe, har da Nijeriya, daga rasuwar mai zane suke ƙirga shekara 70. Aikin Foss da Frazetta da Powers duk yana da masu shi.

Ko manyan masu fasaha sun ƙone hannu a nan. A 2000 wani zanen Glenn Brown da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Turner a Ingila ya jawo ce-ce-ku-ce, da aka gano an kwaso shi ne daga bangon da Tony Roberts ya yi wa wani littafin Robert Heinlein.

Yaya zan adana su? Kuma me ya sa wasu ke zuwa babu bango?

Takardar niƙaƙƙen itace tana da asid a jikinta, shi ke sa ta yin ja tana karyewa, kuma zafi da haske da laima suna hanzarta shi. Ba a iya mayar da ita yadda take, sai dai a jinkirta lalacewar. A nisantar da su daga rana da ɗakin da kwano ke gasawa, a ɗaga su daga ƙasa kuma kada su jingina da bangon ɗaki saboda gara da danshin damina, a riƙa buɗe akwatin ana dubawa saboda kyankyasai. Mujallu a kwantar da su, littattafai a tsayar ba tare da matsi ba. Kada a liƙa salatif a yagewa, domin gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, kuma kada a kai su a manne da leda mai zafi irin ta katin shaida. Lokacin hunturu takardar tana bushewa sosai, a buɗe littafin kaɗan kawai, kada a shimfiɗa shi gam ɗin ɗaurin ya tsage.

Batun rashin bango kuwa al'adar kasuwar Amurka ce. Littafin da bai sayu ba, mai kanti ba ya mayar da shi gaba ɗaya saboda kuɗin dako, sai ya yage bangon gaba ya aika wa kamfani a matsayin shaida, a mayar masa da kuɗinsa, sauran kuma a ce an lalata. Wasu ba a lalata su ba, suka zagayo kasuwa ta bayan fage. Irin wannan ya yi a karanta, amma mai tarawa ba ya sayensa, tunda abin da yake nema shi ne aka cire.